Yaren da Gidon Ya Koma

Babu mijina Gidon a gidan nan yanzu. Kujerarsa tana nan a bakin taga, agogunan da yake gyarawa suna rataye a bango, duk sun tsaya tun da muka binne shi a watan jiya.

Sunana Solvej. Ban yi nisa a karatu ba, aikin gasa burodi na yi a Copenhagen har na tsufa. A can ya same ni, saurayi Bayahude da iyayensa suka taso da shi daga Haifa, ko burodi bai iya tambaya da yarenmu ba.

"Ku 'yan Denmark kamar kun cusa dankali mai zafi a baki," in ji shi. "Ku fara kalma, ku haɗiye rabinta!"

"Kai fa? Ibranancin nan naka kamar mai kakarin ƙayar kifi. Rubutunku ma ta baya yake farawa."

"Namu ya girmi naku nesa ba kusa ba, yarinya. A yi masa ladabi."

Saboda ni ya koyi Danishanci, saboda ni kuma danginsa suka yanke shi, don ni ba Bayahudiya ba ce. Ya ninke Ibrananci ya ajiye, ban ƙara jin sa a bakinsa ba. Yayarsa Tirtza, tasha uku ce tsakaninmu a jirgin ƙasa, amma shekara talatin da takwas ba ta taka ƙofarmu ba.

A farkon hunturun bana ɓarin jikinsa ya shanye. Da ya farfaɗo, Danishanci ya tafi kaf. Likita ta ce hakan na faruwa, yaren da aka koya da girma ya gudu, na yarinta ya rage. Ina yi masa magana yana kallon bakina kamar baƙo. Shi ma ya yi tasa, ban gane ko kalma ɗaya ba. Dole na kira Tirtza.

Ta zo cikin baƙin kwat, ba ta gaishe ni ba. Ranar Juma'a ta fito da kyandir biyu daga jakarta ta kunna, kamar yadda suke yi idan ranar hutunsu za ta shiga. A wannan watan ƙarfe uku da rabi duhu ya rufe gari. Gidon yana kujerarsa, fuskarsa na kallon taga, don wuyansa ba ya juyawa. Ni kuwa ina tsaye a bayansa.

Sai ya fara waƙa. Muryar da ta fito ba ta tsoho ba ce, ta saurayin nan ce da na sani a shagon burodi. Idonsa a kafe kan gilashi, hawaye na zuba, yana murmushi da rabin baki.

"Yaya Tirtza, wa yake gani?"

"Mahaifiyarmu. Ya ce ga ta nan tsaye a wajen taga."

A hawa na huɗu muke. Matar kuma ta rasu shekara ashirin da suka wuce.

"Me yake ce mata?"

"Gafara yake nema kan auren da ya yi. Ya ce a fitar da shi daga gidan nan, ya mutu cikin mutanensa. Kada ki riƙa zuwa gabansa, fuskarki tana tayar masa da hankali."

Na shiga banɗaki na toshe bakina da tawul na yi kuka. Da na fito na ɗumama masa miya. Daga ranar, ta gefe nake ba shi abinci, ta baya nake goge masa jiki. Juma'a uku yana wannan waƙa, ina tsaye a bayansa, ina tsoron ɗaga ido kada in ga matar a cikin dusar ƙanƙara. Tirtza ta kawo takardar mayar da shi gidanta. Ta ce mota za ta zo Litinin, hannuna kawai ake jira.

Juma'a ta huɗu wani dattijo mai suna Leib ya zo daga majami'arsu, shi ne mai zagayen duba marasa lafiya. Yana zaune da kofin shayi aka kunna kyandir, Gidon ya fara. Dattijon ya ajiye kofin.

"Tirtza, me kika gaya wa matar nan yake cewa?"

"Baba Leib, wannan maganar gida ce."

"Maganar gida? Ke da kika girma kina jin ubanki yana yi wa uwarki wannan waƙa duk Juma'a!" Ya juyo gare ni. "'Yata, wannan yabo ne da miji yake yi wa matarsa kafin a zauna cin abincin ranar hutu. Matsa gefe kaɗan in ga wani abu."

Na matsa. Gidon ya yi shiru nan take, idonsa na yawo a gilashin kamar wanda ya yar da abu.

"Koma inda kike."

Na koma. Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai a lokacin na ɗaga ido. Duhu a waje, hasken kyandir a ciki, taga ta zama madubi. Tsohuwar da ke tsaye a cikinta da farin gashi da tawul a kafaɗa, ni ce.

Na zagaya gabansa na durƙusa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina.

Tirtza ta zauna a ƙasa da kwat ɗinta. "Shekara talatin da takwas kin riƙe shi da yarenki," ta ce. "Na ce ko wata ɗaya ne in same shi da nawa."

Na yaga takardar, amma ban kore ta ba. In ta tafi, wa zai gaya mini yana son ruwa? Na ce, "Tashi, Yaya, ƙasan da sanyi. Amma daga yau abin da ya faɗa za ki faɗa."

Sati bakwai ya ƙara a duniya, kuma Tirtza ta kiyaye sharaɗin. Wata rana da safe ta ce, "Ya ce har yanzu kofin da kike dafawa kamar ruwan wankin kwano yake." Muka yi dariya mu uku. Ranar da zai cika, tana riƙe da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗaya, tana mayar mini da kowace kalma har ta ƙarshe.

Abin da na koya ke nan. Idan aka kawo muku mummunar magana aka ce daga bakin masoyinku ta fito, kada ku yi saurin sakin hannunsa. Ku yi haƙuri, ku je ku dubi idonsa da kanku. Saura kwana uku kacal in sa hannu.

Ku taya ni roƙo. Allah ya ji ƙan Gidon, ya yafe wa Tirtza kamar yadda na yafe mata, ya sa kada wani ya bar duniya babu mai jin abin da yake faɗa. Ku ce amin.