Har da Akwatinsa

"Dawo! Na ce Dawo!"

Brimah na tafe a wani lungu na unguwar Ayigya Zango da katakai uku a kafaɗa ya ji wannan kira a bayansa. Muryar mace ce, kuma da zafinta. Bawan Allah ya juyo, ya dawo kamar yadda aka umarce shi. Wata budurwa ya tarar a ƙofar gida, ludayin koko a hannunta, ɗankwali ya zame.

"Malam, lafiya?" in ji ta.

"Kai ka ce in dawo, na dawo."

Kafin ta ba shi amsa, wani jan kwikwiyo ya ratsa tsakanin ƙafafunsa da takalmi a baki. Brimah ya sauke katakai, ya durƙusa, ya yi fito sau ɗaya. Sai ga ɗan banzan ya zo yana kaɗa wutsiya.

"Sunansa ke nan, Dawo," in ji budurwar tana danne dariya. "Kuma ni ba 'kai' ba ce. 'Ke' ake cewa. Sunana Hamamatu."

"To, Hamamatu, ka yi haƙuri."

A nan dariyar ta ƙwace mata. Brimah mutumin garin Wa ne, a Zango ya koyi Hausa, kuma a bakinsa mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne. Yana aikin kafinta a unguwar Anloga, a shagon kawunsa Masta Seini.

Shi kuwa Dawo amana ne. A ƙarshen 1969, cikin azumi, aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Maƙwabcin su Hamamatu, tsoho Moro mai gadi ya ɗaure kayansa zai koma Nijar. A bakin mota ya miƙa wa Hamamatu kwikwiyon da tsohuwar hularsa, ya ce, "'Yata, riƙe mini shi, kar ya shiga titi." Ta yi masa alkawari tana kuka.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Abubakari. Sau uku Dawo yana lasar butarsa, kowane karo sai an wanke ta sau bakwai. Ya ci hancin takalmi, ya zubar da gasarar kokon mahaifiyarta Inna Humu. Malam ya yanke magana: in har Babbar Sallah ta zo karen nan bai yi hankali ba, zai bar gidan.

"Ba rashin hankali ba ne," in ji Brimah da ya ji labari. "Ba shi da ɗaki ne. Kowa na son wurin da zai ce nasa."

Bayan kwana uku ya dawo da akwatin katako mai sanduna a gefe don iska, da ƙofa mai sakata. Ya auna shi daidai yadda Dawo zai miƙe, ya juya, ya kwanta. A tsakiya ya sa wani allo da za a riƙa matsarwa baya in karen ya girma. Aka ajiye shi can bayan madafa, nesa da wurin alwala.

Hamamatu ta sunkuci Dawo za ta cusa shi ciki.

"A'a, kar ka tura shi," in ji Brimah. "Ba fursuna ba ne. Sa hular tsohon a ciki, sa kan kifi, bar ƙofa a buɗe. Shi da kansa zai shiga."

Haka kuwa aka yi. Ya shinshina, ya ja da baya, ya sake leƙawa, sannan ya shige ya kwanta a kan hular Moro. Idon Hamamatu ya ciko da ƙwalla.

Daga nan rayuwa ta hau tsari. Da an sallame Asuba, ta fitar da shi bayan gida ya yi abin da zai yi. Sai gudu a filin makaranta har harshensa ya zazzalo, domin Brimah ya ce karen da bai gaji ba ba ya jin magana. Abincinsa a cikin akwati. In za a fara tallan koko ta ce "Ɗaki!", ya shiga, ta rufe. Da farko minti biyar kawai, daga baya rabin awa, har ya kai yana barci tun hantsi zuwa Azahar. In ya yi kuka ba ta buɗewa sai ya yi shiru, ko da zuciyarta na kuka tare da shi. Kuma ko ya yi laifi ba a kai shi ciki don horo.

Wannan akwati fa, ban taɓa ganin akwatin da ya sha gyara kamarsa ba. Yau sakata ta yi ƙarfi, gobe allon tsakiya na son matsarwa, jibi wata ƙusa ta leƙo. Inna Humu tana kallo tana murmushi, ta ce, "Ei, wannan kafinta bai iya aiki ba ne, ko kuwa ya iya sosai?"

A ƙarƙashin mariƙin akwatin akwai wata 'yar tsaga, a nan takardu ke kwana.

"Mai Koko, jiya na sare yatsana saboda tunaninka. Yaya ɗalibinmu? Naka, Brimah."

Ita kuma ta mayar: "Kafintana, ɗalibi ya yi awa biyu bai yi kuka ba. Malaminsa ne har yanzu ya kasa koyon 'tunaninki'. Ka kula da yatsunka, muna da buƙatarsu."

Ana saura mako guda Sallah, Zuberu ya zo gaisuwa. Ɗan aminin Malam ne, mai fataucin goro, kuma kowa ya san abin da yake zagayowa nema. Ya ga Hamamatu tana shafa kan Dawo ta tsakanin sanduna, ya yatsine fuska.

"Yarinya kamarki da kare? A sa shi a buhu a jefar a bayan gari mana."

Ya kai wa akwatin shuri. Sakata ta fita, Dawo ya fito a firgice, ya bi ta kan buzun sallar Malam da ƙafafu huɗu.

"Shi ke nan!" in ji Malam. "Ba sai Sallah ba. Duk wanda ya fara tambaya, na ba shi."

Brimah bai san da wannan ba. Abin da ya ji a gari kawai shi ne Zuberu na shirin turo manya. Hankalinsa ya tashi. Bayan La'asar ya sa rigarsa mai kyau, ya sami Malam a ƙofar gida tare da limamin unguwa, ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba, akwai wanda ke gidan nan da na saba da shi, shi ma ya saba da ni. Ina son shi. In ka ba ni shi, zan riƙe shi amana."

Fuskar Malam ta washe. "Alhamdu lillahi! Amma in faɗa maka gaskiya, ɗan banzan ci ne da shi, ga hayaniya, ga rashin zama wuri ɗaya."

"Haka nake son shi, Baba."

"To na ba ka, duniya da lahira. Ga Liman shaida. Ɗauke shi har da akwatinsa."

"Ba za a tambaye shi ba?"

"Tambayar me? Yaushe aka fara tambayarsa?"

Brimah ya tashi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya ce gobe zai turo manya. Malam ya bi shi da kallo. "Manya kuma? Mutanen Wa akwai ladabi."

Da Malam ya shiga gida ya ce wa Hamamatu kafintanta ya roƙi karen, kuma an ba shi. Wayyo Hamamatu! Ta zauna gefen akwatin ta yi kuka mai isarta. Ta rubuta takarda ta soke a tsagar: "Ashe duk zuwanka don Dawo ne. Ga shi nan, ka kula da shi, ka tafi da hular. Kar ka sake kirana Mai Koko."

Washegari da hantsi Masta Seini ya iso da dattawa biyu da ƙwaryar goro, Brimah na biye a baya kansa a ƙasa. Aka aika aka kira Liman. Malam ya dubi goron, ya dubi mutanen.

"Masta, duk wannan saboda kare?"

"Wane kare?"

Da aka warware zancen, Masta Seini, wanda ya shekara talatin a Zango kuma ya san bambancin "shi" da "ita", ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malam kam bai yi ba.

"Ni kare na bayar. 'Yata zan ba wanda ko 'ke' bai iya cewa ba? Ga ɗan aminina yana jira."

Liman ya gyara murya. "Malam, a gabana ka ce duniya da lahira. Ni dai ban taɓa jin an ba da kare har lahira ba."

Hamamatu na bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta lallaɓa ta zare takardar nan daga tsaga ta jefa a murhu.

Malam ya miƙe ya ce a shigo tsakar gida. Ya shimfiɗa buzunsa, ya ajiye butarsa kusa da shi. "An ce yaron nan ya koya wa karen hankali. A buɗe in gani. In ya taɓa ɗaya daga cikinsu, shi da malaminsa su kama hanya."

Hamamatu ta zare sakata. Dawo ya fito kamar an harbo shi, ya zaga Liman, ya nufi buta kai tsaye. Saura taku biyu.

"Ɗaki!" in ji ta.

Ya ci birki. Ya dubi butar, ya dube ta, ya juya ya shige akwatinsa, ya ɗora haɓa a kan hular Moro. Ƙofar a buɗe take, bai fito ba.

Inna Humu ta rangaɗa guɗa daga madafa. Malam ya shafa gemu ya ce, "Wanda ya yi wata biyu yana lallashin wannan bai ɗaga masa sanda ba, zai iya da 'yata. Hamamatu, kina son shi?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Wanne daga ciki, Baba?"

"Ja'ira!"

"Duka biyun."

Bayan Sallah da mako uku aka ɗaura aure. Motar da ta kai amarya Anloga ta ɗauki akwatuna biyu, na kayanta da Brimah ya ƙera da hannunsa, da na Dawo a sama yana leƙen gari. Malam ya sa musu albarka, ya ƙara da cewa butarsa ta huta. Suka ba wani direba wasiƙa ya kai wa tsoho Moro: "Amanarka na nan, ya yi ƙiba, bai shiga titi ba."

Ran da 'yan biki suka watse, Brimah ya zauna gabanta yana gumi kamar mai jarrabawa.

"Mai Koko, wata guda ina koyo. Ina son... ki."

"Ka makara, Kafintana," in ji ta. "Da ka iya tun farko, da yanzu ina gidan Zuberu. Bar mini 'kai' ɗina."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka. Maƙwabta sun ce kullum da safe, in Brimah ya saɓa zarto zai tafi shago karen na rakiyarsa, sai ta tsaya a ƙofa ta ce "Dawo!", su biyun su juyo.