Wasiƙar da Hamid Ya Karanta

"Karanta ta, Hamid."

Kowa a falon ya juyo. Juma'a ce, an sauko daga Harami, gidan Hamid na unguwar Al-Azizya a Madina cike da 'ya'ya da surukai, an shimfiɗa sufura an zuba shinkafa da nama. Murja ko zama ba ta yi ba. Tsohuwar takarda ta ajiye kusa da tire, ta yi ja saboda daɗewa, duk ta karye a wuraren ninki.

Shekararta hamsin tana ce masa Yaya. Yau ta kira sunansa gatsal.

"Murja, lafiya? Zauna mu ci abinci."

"Na ƙoshi. Karanta ta kamar yadda aka rubuta."

Wanda bai san mafari ba zai ce matar nan ta zautu. Ƙalau take. Cutar ta aka yi, kuma ga yadda aka yi.

Tun tana budurwa Murja take da basɗa a gindin dutsen Uhudu, wato 'yar shimfiɗar da mata ke kasa kaya a kai. Busasshen na'ana'a take sayarwa, da dabino, da lalle. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta aka rubuta ba ta gane shi. A nan ta haɗu da Jumare, Bahaushen Chadi, direban ziyara mai kawo alhazai. Shi dai yana da wata ɗabi'a: ba ya shiga mota sai ya bubbuga rufinta sau biyu da tafin hannu, ya ce, "Bismillahi, kowa ya cika?" Kullum sai ya sayi na'ana'a a wajenta, ko da na jiya bai ƙare ba.

"Mai na'ana'a, yaushe za ki bar wahalar da ni?"

"Ranar da ka bar sayen abin da ba ka bukata."

Da ya aiko neman aure Hamid ya ce a'a. Su 'yan ƙasa ne, kakanninsu suka zo a ƙafa suka zauna, shi kuwa Jumare iƙamarsa ma, takardar izinin zama, ta mutu. Murja ta ce ko a tanti ne za ta zauna da shi. Bayan sati uku aka daina ganin motar Jumare a Uhudu. Sai wata tsohuwa mai suna Fatna, 'yar garin su Jumare, ta kawo mata takarda daga tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Wa za ta kai wa ya karanta mata in ba yayanta ba?

Hamid ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai.

"Ya ce ki yi haƙuri. Yana da mata a garinsu, Abeche. Ya ce ki manta da shi."

Kunya ta hana ta nuna wa kowa takardar. Wace mace ce za ta yi yawo da shaidar an yaudare ta, tana roƙon a sake karanta mata? Da Fatna ta dawo tana tambaya me za a ce masa, Murja ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ki ce masa babu amsa."

Ta jefa takardar a gwangwanin alewa ta tura ƙarƙashin kaya. Ba ta yi aure ba. Ita ta reni 'ya'yan Hamid biyar, ta wanke su, ta goya su, ta kwana da su a asibiti. Shekara ashirin da huɗu.

Bana Rumaisa, 'yar Hamid ta biyu, wadda ke aikin jinya, ta ce sai ta fitar da gwaggonta ta ga duniya. Ta yankar musu tikitin jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin mai hawa goma sha wani abu. Murja ta ce ita me ya haɗa ta da teku? Rumaisa ta nace, suka tafi.

Rana ta huɗu jirgin ya tsaya a tsibirin Rodos na ƙasar Girka. Aka ce kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar na yamma, wanda ya makara jirgi ba ya jira.

"Ammati, na samo mana direba namu mu kaɗai," in ji Rumaisa. Hausa take ji sarai, amma rabin maganarta Larabci ne, ko gwaggo ma Ammati take cewa. "An rubuta yana jin Larabci. Ba sai mun bi ayarin Turawa kina haki ba."

Direban yana tsaye a bakin tashar, riƙe da kwali mai sunan Rumaisa. Baƙi, dogo, gemunsa ya yi furfura, ya ɗan ranƙwafa. Murja tana cikin niƙabi, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ya buɗe musu ƙofa suka shiga baya. Ya zagaya.

Sai ta ji an bubbuga rufin motar sau biyu.

"Bismillahi, kowa ya cika?"

Da Larabci ya faɗa, amma muryar ba ta canja ba. Hannun Murja ya kama kujerar gaba.

"Ammati, esh fi? Me ya faru? Jiri ne?"

Ta girgiza kai.

Ya kai su tsohon gari mai ganuwar dutse, ya nuna musu ƙofofi da lunguna da wani tsohon masallaci. Yana bayani Rumaisa na ɗaukar hoto. Murja ba ta ga ganuwa ba, ƙeyarsa take kallo. Har tsarin aikinsa bai sake ba: ya ajiye mota tana fuskantar hanyar fita, ya ce minti arba'in, ya tsaya a inuwa yana jira, kamar dai ya sauke alhazai a masallacin Ƙuba.

Daga nan suka ɗauki hanyar bakin teku, tafiya mai nisa, zuwa wani gari da ake kira Lindos, fararen gidaje a jikin tudu, jakuna na hawa da mutane. Rumaisa ta ce sai ta hau har sama. Murja ta ce gwiwarta ba za ta iya ba.

Aka bar su su biyu a gefen hanya, ƙarƙashin itacen zaitun, teku shuɗi shar a ƙasansu.

Ya buɗe bayan mota ya ɗauko fulas, ya zuba shayi a ƙaramin kofi, ya miƙo mata yana kallon ƙasa.

"Tafaddali, Hajiya. Ki yi haƙuri da na'ana'ar, ta nan ce. 'Yarki ta ce daga Madina kuke. Wanda ya saba da ta Madina ba zai ji daɗin wannan ba."

Ta amsa masa da Hausa.

"Ashe kana tuna ta Madina."

Kofin ya karkace, shayin ya zubo masa a yatsu. Bai ko yarfe ba.

"Sake magana."

"Me zan sake? Ina matarka ta Abeche?"

"Murjanatu…"

"Kar ka kira ni haka."

Ya zauna a kan dutse. Ta ɗage niƙabin. Bari ya ga abin da shekaru suka yi, ba ta da abin ɓoyewa.

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kawo ruwa.

"Wace mata ta Abeche?"

"Wadda ka rubuto mini. Ko kunya ba ka ji ba, ka bar ni sai da aka karanta mini ita."

"Ni? Murja, a lokacin ko akuya ba ni da ita a Abeche, balle mata. Na san ba kya karatu, amma a tarhil babu rikoda da zan yi miki kaset. Wani malami da aka tsare mu tare na roƙa ya rubuta. Cewa na yi zan jira ki. Kalma ɗaya na roƙa ki ba Fatna."

"Ƙarya kake."

"Fatna ta aiko mini ta ce kin ce babu amsa. Duk da haka shekara huɗu na zauna ina cewa ko za ki huce. Da na gaji na shiga Libiya, na hau kwalekwale, teku ta tofo ni nan."

Ta so ta ce ƙarya ce karo na biyu. Bakinta ya ƙi. Ta san fuskar Jumare in yana wasa, ta san ta in yana gaskiya.

"Wa ya karanta miki?" ya tambaya a hankali.

Ta kau da kai wajen teku. Shi kuma bai maimaita tambayar ba.

"Kin yi aure?"

"A'a."

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Kai fa?"

"Shekara tara ke nan. 'Yar Sudan ce, a sansanin gudun hijira muka haɗu. Yaranmu uku. Ta sha wuya tare da ni, Murja. Kuma ƙasar nan mace ɗaya ake ajiyewa."

"Wa ya ce maka ina nema? Ban zo raba kowa da mijinta ba."

"Na sani, masoyiyata."

"Na ce kar ka…"

Sai kukan ya ƙwace mata. Ba mai ƙara ba, irin wanda kafaɗa kawai ke rawa. Yana zaune taku uku daga inda take, hannunsa na miƙowa yana komawa. Bai taɓa ta ba. Da can ma bai taɓa ba.

Rumaisa ta sauko tana murna da hotuna, ta tarar da gwaggonta ta sauke niƙabi, direba na goge gilashin da ba shi da datti.

Akwai sauran wuri biyu a tsarin yawon, wani kwari mai inuwa da wani bakin ruwa. Ya kai su duka, ya yi bayani, murya na karyewa. Biyar saura kwata ya sauke su a tasha. Ya miƙa wa Rumaisa katinsa, ya juyo.

"Hajiya, a sauka lafiya."

Jirgin ya yi ƙugi. Daga sama ta hango farar motar ba ta motsa ba, har tsibirin ya zama ɗigo.

Ranar da suka dawo Madina, gidanta na unguwar Harra ta Yamma, ko akwati Murja ba ta buɗe ba. Ta jawo gwangwanin.

"Karanta mini, Rumaisa. Kar ki rage, kar ki ƙara."

Rumaisa ta karanta. Da ta kai ƙarshe ta ɗago ta kalle ta.

"Ammati… wa ya fara karanta miki wannan?"

"Ubanki."

To, abin da ya kawo ta falon Hamid ranar Juma'a ke nan.

Hamid ya kalli takardar, ya kalli 'yarsa. Rumaisa ta sunkuyar da kai.

"Abin da ya wuce ya wuce, ya ukhti, ƙanwata. Don ke na yi. Da kin aure shi, da 'ya'yanki suna nan babu takarda, babu makaranta, babu asibiti."

"Ina 'ya'yan nawa yanzu? Nuna mini su, masu takardar."

Ta matso kusa da shi.

"Naka na goya. Wannan bayan nawa ya gani. Ban zo ka biya ni ba, ba ka da abin biya. Ido na ara a wajenka sau ɗaya a rayuwata, ka ha'ince ni. Yau za ka karanta daidai, a gaban waɗanda na rena."

Matarsa ta ce a bari a gama cin abinci. Murja ta kalle ta, matar ta kau da kai.

Hamid ya sa tabarau. Ya fara, yana mayarwa da Hausa, murya can ƙasa.

"Ɗaga murya. Ran nan da ƙarfi ka karanta."

"Murjanatu. An kama ni a bakin Ƙuba da baƙi a mota. An ce wani ne ya ba da lambar motata, ban san ko wane ne ba. Ba ni da kowa sai ke. Zan zauna a Abeche in jira. In kin yarda a ɗaura a can, ki faɗa wa Fatna kalma ɗaya. In ban ji ba, zan san kin zaɓi gidanku, kuma ba zan ga laifinki ba."

"Wa ya ba da lambar?" in ji Murja.

Hamid ya cire tabarau. Ya sunkuyar da kai, kowa ya gane shi ne.

Murja ta ciro katin Jumare ta ajiye a kan takardar.

"Fatna tana kwance a maƙabartar Baƙi'a shekara goma. Kai ka tare saƙon, kai za ka kai amsa. Kira shi."

"Murja, don Allah…"

"Kira shi."

Rumaisa ce ta danna lambar, ta buɗe murya, ta ajiye wayar a gaban ubanta. Ta yi ƙara sau huɗu. Aka ɗauka, ana jin iska da hayaniyar baƙi.

Hamid ya faɗi sunansa. Ya faɗi abin da ya yi, guntu-guntu, kamar ana zare masa ƙaya. Ya ce a yafe masa.



"Ban ce Allah ya isa ba," in ji Jumare. "Ban kuma ce na yafe ba. Tana kusa?"

"Tana ji."

Murja ta durƙusa a gaban wayar. Kalmar da ya roƙa tana bakinta, ta makara da shekara ashirin da huɗu, kuma yanzu mijin wata ne.

Ta faɗe ta duk da haka.

"Na yarda, Jumare."

Aka ji ya ja numfashi. Can nesa wata Baturiya na kiransa, jirginsu zai tashi.

"Na ji, mai na'ana'a," ya ce. "Ki gaishe mini da Uhudu."

Kafin layin ya yanke, ta ji an bubbuga rufin mota sau biyu.

Ta ninke takardarta, ta sa a jaka, ta sauke niƙabi. Hamid ya kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Rumaisa ta biyo ta da makullin mota.

"In kai ki gida, Ammati?"

"Kai ni basɗa. Alhazan la'asar sun kusa isowa."