Sunansa Naƙi

Bayan sallar isha muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya Nomau, ɗan wan mahaifinmu. Kwananmu uku ke nan a ƙauyen, ni da ƙannena biyu, Tasalla da Cindo. Wani dogon jan kare yana kwance kusa da shi, ya ɗora haɓa a kan takalminsa.

"Yaya, wai da gaske sunan karen nan Naƙi?" in ji Tasalla. "Sunaye sun ƙare a duniya ne?"

"Ke da aka haifa ranar salla gidan babu rago, har kina da bakin zagin sunan wani?" Ya rage hasken fitila. "Ku matso. Wannan magana ba a ɗaga mata murya."

Ga abin da ya faɗa mana.

Daga hannun wani Buzu mai raƙuma na samo shi yana ɗan kwikwiyo. Irin karnukan nan ne na farauta, masu dogayen ƙafafu da siririn ciki. Buzun ya gargaɗe ni. Ya ce irinsu ba su san zama ba. In ba ka gajiyar da su a daji ba, su za su gajiyar da kai a gida. Gaskiya ya faɗa. Na ɗaure shi, ya cinye igiyar. Na kulle shi a ɗaki, ya tone ƙarƙashin ƙofa. Inna ce ta ce, wannan kare duk abin da aka ce masa, amsarsa ɗaya ce: na ƙi. Sunan ya bi shi.

A daji kuwa babu kamarsa. Zomo bai taɓa tsere masa a fili ba. Shekara biyu miyar gidan nan ba ta rasa nama ba.

Sai damina ta sauka. Noma ya riƙe ni, kwana goma ban fita da shi ba. Ya fasa randa. Ya yaga shanyar Inna. Daga ƙarshe ya kashe zabin maƙwabcinmu guda huɗu, ya jera su a ƙofar ɗakina, yana kaɗa wutsiya yana jiran yabo.

Baba ya kira ni. Bai yi faɗa ba.

"Gobe ka kai shi bayan fadama ka baro shi. Kada ya sake taka mini gida."

Na ce to. Ba a ce wa Baba komai sai to.

Da hantsi muka fita. Ban nemi ɗan rakiya ba, domin ba na son a ga idona. Shi kuwa tsalle yake, yana zaton farauta za mu. Rana ta take tsaka muka isa rafin bayan fadama, wurin wata tsohuwar kanya. Manya sun hana zama a gindin itace a wannan lokaci. Na sani. Na zauna.

Tsuntsaye suka yi shiru. Ko ƙuda babu. Naƙi ya tsaya cak, gashin bayansa ya miƙe. Ya yi haushi sau ɗaya, mai ƙarfi.

Wani dattijo na tsaye a kan yashin rafin. Farar riga. Jakar fata irin ta maharba. Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Yashin a jiƙe yake, sawuna da na kare duk sun fito raɗau. Nasa babu ko ɗaya.

Bai yi sallama ba.

"Samari, kaya ka zo yarwa?"

Yana gabana, taku biyar tsakaninmu. Amma muryar daga bayan kunnena ta fito.

Nan Cindo ya katse shi. "Ba ka gudu ba, Yaya?"

"Da ƙafar wa? Yi shiru ka ji."

Dattijon ya ce, "Mahaifinka ya gaji. Kai ma ka gaji. Ba ni shi. Daga yau duk dajin da ka shiga, nama zai zo ya same ka."



"Mu ba ma ɗaukar abin da ba a ba mu ba," in ji shi. "Kare kuma ba ya bin wanda bai san sunansa ba. Faɗa mini sunansa, ka huta."

Ba zan yi muku ƙarya ba. Tsoro ya ci ni. Na buɗe baki na ba shi abin da ya nema. Na ce, "Naƙi."

Fuskarsa ta sauya.

"Yaro, ka san da wa kake magana? Sunan karen na tambaye ka."

"Naƙi," na sake cewa.

Sai a lokacin na gane. Shi ba suna yake ji ba. Gardama yake ji. Da na ƙara da cewa sunansa ke nan, da magana ta ƙare. Da na koma gida ni kaɗai, Baba ya sa mini albarka.

Na dubi karen. Ya shiga tsakanina da dattijon. Ƙafafunsa huɗu na karkarwa, amma bai ja da baya ba ko taku ɗaya. Karen da na kawo in yar.

"Sau uku muke roƙo," in ji muryar a bayan kunnena. "Wannan ne na ƙarshe."

Na miƙe tsaye. Na dube shi cikin ido. Wannan karon ba suna na faɗa ba.

"Na ƙi."

Ya daɗe yana kallona. Ganyen kanya ko motsi.

"Riƙe kayanka," in ji shi. "Amma ɗazu ya yi mini haushi ban roƙa ba. Wannan kyauta ce. Na karɓa."

Bai motsa daga inda yake ba. Hannunsa ne ya zo. Ya shafi maƙogwaron karen da yatsa ɗaya. Na ƙifta ido. Yashi kawai.

Da la'asar muka iso gida. Baba na zaune a zaure. Na durƙusa.

"Me na ce maka?"

"Baba, ka gafarce ni. Wanda ya fi ƙarfinmu ya roƙe ni shi a gindin kanya, na hana. Ba zan hana wancan ba, sannan in bar wa kura. Zabi zan biya da noma. Kullum zan fita da shi kafin in tafi gona, ko ruwa ake. In kuma sai ya bar gidan nan, to tare za mu bar shi."

Ban taɓa yi wa Baba doguwar magana irin wannan ba. Ya ɗaga sanda ya nuna karen. Naƙi ya buɗe baki, wuyansa ya motsa, haƙarƙarinsa ya motsa. Babu sauti.

Baba ya ajiye sandar a hankali. Ya karanta abin da ya karanta. Sannan ya ce, "A ba shi ruwa."

Yaya Nomau ya sa hannu yana shafa kan karen.

"Kwananku uku a gidan nan," in ji shi. "Baƙi ne ku, bai san ku ba. Kun ji ya yi muku haushi?"

Tasalla ta janye ƙafarta daga kusa da karen.

"Har gobe yana kama zomo, kuma har gobe yana fasa randa in na yi lalaci. Amma muryarsa tana can. Mafarauta biyu sun rantse mini sun ji haushinsa a bayan fadama da tsakar rana, alhali yana kwance a gabana ina yi masa cirar kaska. Ɗaya ya ɗauka ni ne na yi kamu, ya bi sautin. Kwana biyu aka yi ana nemansa, kuma har yau bai faɗi inda ya je ba. Don haka kada ɗayanku ya bi hanyar rafin nan shi kaɗai. In kuwa kun ji Naƙi yana kiranku daga gindin kanya, ku tuna Naƙi ba ya haushi."