Masu Gidan Jirgin Mai

Da la'asar sakaliya Shiyama ta tuna an bar igiya ɗaure a jikin jirgin dakon man nan da ke kwance a ƙarƙashin tekun tsibiran Addu tun Yaƙin Duniya na Biyu. Aikinta kai baƙi masu nutso su ga ramin da nakiya ta huda masa. Baƙin sun watse. Gida kuwa ba mai jiranta tun rasuwar mahaifiyarta, sai ta ce bari ta je ta kwanto igiyar.

Tsoho Fathuhi mai kwalekwale ya yi ta mita a hanya. Wai mahaifinsa ya ga baƙin man jirgin ya rufe gaɓa, kuma tun da mutane suka fita, wasu suka tare a ciki.

"Ki kwance ki fito, ƙanwata. Kada ki buga musu ƙarfe. Gidan wasu ne yanzu."

"Beybe, tsufa ya sa ka tsoron gwangwani," ta ce, don haka suke kiran yaya a can, ta faɗa ruwa.

Ƙasa shiru, sai ƙarar numfashinta. Ƙullin ya cije. Ta zaro wuƙa ta dake shi, wuƙar ta goce ta sami jikin jirgin.

Aka amsa daga ciki.

A hankali, kamar mai gida yana cewa shigo.

Ta sake bugawa. Aka sake amsawa, can gaba kaɗan. Ta bi. Warin tsohon mai ya cika mata baki, alhali iskar tukunyar da ta goya a baya take shaƙa. Kifayen duk sun ɓace.

Bugun ya tsaya a bakin ramin.

Ciki baƙi ƙirin, ruwansa da ɗumi. Ba ta ji tsoro ba. Ta daɗe rabonta da a yi mata maraba.

Iskarta ta fara ja da ƙyar. Duk da haka ta sa kai cikin ramin.

Sai ga wani bugu daga sama, na hauka, ba tsari: Fathuhi ne ke dukan tsanin kwalekwale da guduma. Ta kama igiyar ta haura, ƙirjinta na zafi.

Bai yi mata faɗa ba. Ya dai kalli hannunta, baƙin mai har gwiwar hannu.

Ba ta ƙara nutso a wurin ba. Amma kullum da la'asar akan ƙwanƙwasa tankin ruwan gidanta daga ciki. Ba ta amsawa. Sai dai ta bar yin yamma a waje, kada su zo ba ta nan.