Zarzur Mai Farin Kumatu

Gab da magariba Abdulghaffar ya aiki Na'ibi kantin bakin layi ya sayo masa reza. Na'ibi ya saya, ya jefa a aljihu, ya hau matakala zuwa saman soro, inda maigidan nasa yake ajiye tsuntsayen sayarwa.

A unguwar Waziriyya ne, cikin Jidda, shekarar 1983. Na'ibi mutumin Gumel ne, ya zo umra bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka abin da aka sa shi, shi yake yi. Abdulghaffar kuwa haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma mutum ne mai saurin hannu.

A watan nan jirgin ruwa ya kawo masa wasu tsuntsaye daga can gabas, wajen Sin da Koriya. Zarzur yake ce musu. Ba su kai kurciya girma ba. Jikinsu ruwan toka mai duhu, kai baƙi, baki da ƙafafu ruwan goro, sai kumatu farare fat kamar an shafa musu alli. Wanda ya kawo su ya ce a ƙasarsu cikin kogon bishiya suke sheƙa, su wuni a gonaki suna tsintar ƙwari da 'ya'yan itace, da yamma su taru dubbai a bishiya ɗaya su yi ta ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Haka suke yi a soron ma. Ba su da waƙa, sai ƙara mai kartar kunne, shi ya sa ba mai saye.

Wani ne a kasuwa ya gaya wa Abdulghaffar cewa in aka tsaga harshensu za su koyi magana kamar aku.

"Kamo min ɗaya, yalla," in ji shi.

"Maigida, magariba ta kawo kai. Da an bari an yi salla."

"Kamo, ka riƙe min."

Na'ibi ya kamo. Jikin tsuntsun da ɗumi, zuciyarsa na bugawa a tafin hannunsa. Abdulghaffar ya buɗe bakin da tsinken ashana, ya ja rezar. Jini ya gangaro kan farin kumatun. Ko bisimilla bai yi ba. Ya wurga shi cikin wani keji, ya miƙo hannu.

Na biyu ya mutu a hannun Na'ibi. Abdulghaffar ya shure shi gefe da takalmi.

Suna kan na gaba Na'ibi ya lura ƙarar ta ɗauke.

Soron ya yi tsit. Ladan ya fara kiran salla a masallacin layi, amma muryar tana zuwa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wani wari ya taso, na ƙonannen gashi haɗe da ruɓaɓɓen kifi. Na'ibi ya ɗaga kai. Duk tsuntsayen sun jeru a jikin waya, ba mai motsi. Su biyun suke kallo.

Daga can ƙuryar babban keji wani tsuntsu ya taho. Ba tsalle yake ba, takawa yake, ƙafa bayan ƙafa. Ya iso ƙofa, ya hau hannun Na'ibi da kansa.

Sanyi ƙalau. Nauyinsa kamar na dutsen niƙa. Babu bugun zuciya.

"Maigida," Na'ibi ya ce cikin raɗa, "wannan ba tsuntsu ba ne."

"Uskut, yi min shiru. Riƙe."

Ba a nemi tsinken ashana ba. Shi ya buɗe baki, ya yi ta buɗewa har ya wuce iyaka. A ciki harshen mutum ne, mai faɗi, jiƙe da yawu.

Hannun Abdulghaffar ya riga ya tafi. Rezar ta shiga.

Jini bai fito ba. Murya ce ta fito, muryar Abdulghaffar sak, a hankali.

"Riƙe min."

Hannuwan Na'ibi suka tashi ba da izininsa ba. Ɗaya ya damƙi gashin maigidansa, ɗaya ya kama haɓarsa ya ja ƙasa. Ya ji muƙamuƙin ya yi ƙas. Abdulghaffar ya naushe shi a ciki, ya yanke shi da reza a dantse, ya sake yanka. Hannuwan ba su saki ba.

Ƙofofin kejin suka buɗe gaba ɗaya.

Tsuntsayen suka zo kamar baƙin hayaƙi. Fukafukai na marin fuska. Bakuna ruwan goro suna shiga bakin Abdulghaffar suna fitowa jajaye. Ihunsa ya koma kakari. Jini mai zafi ya cika yatsun Na'ibi, ya bi hannun rigarsa.

Na'ibi ya nemi addu'a, harshensa ya ƙi ɗaguwa.

Wani ya sauka a kafaɗarsa, ya yage masa kunne.

Zafin ne ya buɗe masa baki. "A'uzu billahi."

Hannuwan suka saki. Ya yi baya, ƙafarsa ta zame a jini, ya gangara matakala da ka. Ya miƙe da karyayyen hannu ya faɗa titi, bai tsaya ba sai cikin sahun masallaci, inda ya zube.

Da maƙwabta suka hau, kejin duk babu kowa. Abdulghaffar na kwance da sauran rai, babu harshe a bakinsa.

Bayan 'yan kwanaki A'i, matar Abdulghaffar, ta roƙi Na'ibi ya raka ta asibiti. Suka tarar da shi baki naɗe da bandeji, ido a rufe, amma magana na fita daga maƙogwaronsa, wani yare da ba su taɓa ji ba. A gadon kusa akwai wani ɗan Koriya mai aikin gini da ya karye a ƙafa. Ya matsa can ƙarshen gadonsa, ya manne da bango.

"Yaren garinmu yake yi," ya ce da Na'ibi cikin guntun Larabci. "Irin na tsofaffin ƙauye. Tun jiya abu ɗaya yake maimaitawa."

"Me yake cewa?"

Mutumin ya dubi kunnen Na'ibi, ya dubi hannunsa da ke rataye a wuya.

"Yana cewa saura wanda ya riƙe."

Na'ibi bai yi wa A'i sallama ba. Shekarunsa a Jidda, in ya hango motar 'yan sanda lungu yake shigewa. Ran nan ya tsaya a tsakiyar titi ya tare ta, ya ce musu ba shi da iƙama, su taimaka su mai da shi gida.