Wanda Ke Bayanta a Hoton

A kan tsauni suka fara ganin juna. Auta na zaune a kan dutse ta riƙe hular kwano, barci cike da idonta. Kwana biyu ta yi tsakanin jirgi da mota kafin ta iso wannan ƙasa. Ita nas ce, ta zo aikin sa kai a sansanin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Motar sansanin sai jibi, shi ne abokan tafiya suka ja ta zuwa tashi sama da lema.

Sai a can ta gane yadda abin yake. Ana ɗaure mutum da bel a gaban matuƙi, bayansa manne da ƙirjin matuƙin. Wanda aka rubuta mata kuwa namiji ne. Sai murza igiyar hular take yi.

Wani dogon saurayi ya tsaya ɗan nesa da ita. Mai gyaran famfo ne, shi ma sansanin za shi.

"Malama Nas, ni mace aka ba ni. Ko mu yi musanya?"

"Kai fa?"

"Ni tun da muka hawo ƙafata ke rawa. Ki taimaki bawan Allah, ki bar ni da riƙon jaka."

Matuƙiyar dattijuwa ce, ta sa ƙaton gilashi da rigar sanyi. Ta nuna wa Auta da hannu cewa ta yi gudu, kada ta zauna. Auta ta ruga, ƙasa ta ƙare, iska ta ɗauke su. Can sama shiru ne, ba mai kiran ta. Ta ji kamar ta yi ta barci a wurin.

Wata huɗu suka yi a sansanin. Ita tana wanke ciwo har bayanta ya riƙe, shi yana haɗa bututu cikin laka. Kowa Dogo yake ce masa. Ba su cika samun zama ba, sai saƙo.

"Sanyin idona, na gyara famfon bayan tantinku. Kada ki ƙara zuwa na nesa."

"Na gode, Dogona. Ka ci abinci kuwa?"

"Na fara ci, barci ya ƙwace cokalin."

Da suka koma gida ya ce zai turo manya. Amma ɗan kawunta mai shagon magani, wanda ya daɗe yana son ta, ya riga shi zuwa wurin Baba da hoton da masu lemar suka ɗauka. Ga Auta a sama, ga wani a bayanta cikin hula da gilashi, ya ce wa Baba wai Dogo ne.

"Baba, wallahi mace ce," in ji Auta.

"Mace da wannan kafaɗa? Na bar ki ki je taimakon mutane, kika je wani ƙato ya goya ki a sararin Allah. Yanzu kuma shi ne zai zo min gida?"

Ta gaji da rantsuwa. Umma ma ta gaji da sa baki. Sati uku Baba ko gaisuwarta da kai yake amsawa. Ta rubuta wa Dogo: "Na gaji. Ko mu haƙura ne?"

Ya amsa: "Ki huta, Nas ɗina. Gobe ni zan gaji."

Baba kafinta ne. Dogo ya same shi a kan rufin wani bene yana buga kwano. Ya yi sallama daga ƙasa.

"Mai magana da ni ya hawo," in ji Baba, bai ko waiwayo ba.

Dogo ya dubi tsanin, ya cire takalmi. A taki na shida gumi ya jiƙe masa riga. A na tara ya rungume tsanin, ya runtse ido, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Baba, ina wuni," ya ce da muryar da ba tasa ba. "Na zo ne a kan maganar Auta."

Baba ya ajiye guduma. Ya leƙo ya daɗe yana kallon ƙafafun nan da ke kaɗa tsani.

"Kai ne aka ce ka tuƙa lema?"

"Ni jakarta na riƙe, Baba."

"Na gani. Kai ko kan tebur aka ɗora ka sai an yi maka addu'a." Ya share fuska da hularsa, ya yi ajiyar zuciya. "To ka sauka."

"Baba, saukar ce ban san yadda ake yi ba."

Baba da kansa ya zagaya ta cikin benen ya sauko, ya riƙe tsanin, yana gaya masa inda zai sa ƙafa har ya taka ƙasa. Da yamma ya kira Auta, ya ce ta yafe masa. Ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a kai ta, Baba ya dafa kanta ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya hutar da ku."

Umma ta ce amin, ta gyara mata mayafi, aka buɗe ƙofar mota.