Riƙe Mini Fitilar Nan

Kwana huɗu muna zagayen tsofaffin gine-ginen tarihi a mota ɗaya, ni da maiɗakina da wasu masu sauran ƙarfin gwiwa. Ni ne mai tsayawa karanta kowane allo, kamar za a yi mini jarrabawa. Haka duhu ya same ni ni kaɗai a kangon tsohon kurkuku.

Wani tsoho mai gadi ya ɓullo daga lungu. Ƙasar duk ƙura ce, amma ba ya barin sawu.

"Ɗan'uwa, na ga kana son wurin nan," in ji shi. "Riƙe mini fitilar nan, ina zuwa."

Na karɓa, domin tun ina yaro ban iya cewa a'a ba. Sai na ji an datse ƙofa da kwaɗo.

Ta tsakanin ƙarafuna na hango motarmu. Direba ya ƙirga kawuna, ya ce, "Mun cika."

Na buɗe baki, ko tari bai fito ba. Maiɗakina ta juya ga wanda ke zaune a kujerata: mai gadin nan ne, da fuskata.

"Baban yara, kullum sai ka sa an jira ka."

Ya ba ta haƙuri da muryata. Ya ma fi ni iyawa.